Mako goma muna jinyar Inna a gidan Yaya: mu koma gida ko mu ƙara haƙuri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu mai shekara 67 ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama, muka kawo ta Kano daga Jama'are. Bayan an sallame mu daga asibiti sai muka sauka gidan yayana, saboda ana kai ta gashi, wato motsa jiki a sashen fisiyo na asibiti, sau biyu a mako. Yanzu mun shiga mako na goma, kuma ni ce mai jinya. Tana zama da kanta, tana tsayuwa in an riƙe ta, magana ta fara dawowa, amma hannun ba ya motsi sosai. Gidan ɗaki biyu ne da falo, an mayar da yaransu falo saboda mu. Matar Yaya ta yi mana hidima sosai, amma yanzu fuska ta canza, ko da yake ba ta ce komai ba. Maigidana kullum sai ya kira, na bar yara uku wajen kakarsu. Inna ma ta fara cewa a mayar da ita ɗakinta. Yaya ya ce ba inda za ta sai ta taka da ƙafarta. In muka ɗauke ta yanzu mun cuce ta?

Amsa daga likitar fisiyo:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da jinya.

Bari in fara da maganar Yaya, don ita ce ta ɗaure ku. "Sai ta taka da ƙafarta" magana ce ta ɗa mai son uwarsa, amma ba rana ba ce da wani likita zai iya sa muku. Abin da ya faru da Inna a ƙwaƙwalwa yake, ba a ƙafa ko hannu ba: jini ya daina kaiwa wani yanki, ko kuma jijiya ta fashe, sai ɓangaren da ke ba hannu da ƙafa umarni ya lalace. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa. Sauƙin da kuke gani yana zuwa ne saboda kumburin da ke kewaye ya sauka, kuma sauran sassan ƙwaƙwalwa suna koyon aikin da wancan ya bari. Wannan koyon ya fi sauri a wata uku na farko, yana ci gaba da ɗan ƙarfi har wata shida, daga nan sai ya koma a hankali, amma ba ya tsayawa cak matuƙar ana motsa jikin. Wadda ta iya zama da kanta, take tsayuwa da taimako a mako na goma, akwai kyakkyawan zaton za ta taka. Yaushe? Wataƙila wata guda, wataƙila huɗu. Shi kuwa hannu al'adarsa ce ya makara, ƙafa kan riga shi, wani lokacin ma ba ya dawowa duka.

To, me ke sa ƙwaƙwalwa ta koya? Maimaici. Zuwan ku gashi sau biyu a mako, in an haɗa, da wuya ya wuce awa biyu, alhali mako awa 168 ne. Abin da muke yi a sashenmu dubawa ne da gyara da ƙara darasi. Ainihin aikin a gida ake yin sa: ta tashi daga bakin gado ta zauna sau goma da safe, sau goma da yamma, ta ɗora hannun mai ciwon a kan tebur tana goge shi da tsumma, ta riƙe kofi da hannu biyu, ta yi ƙoƙarin ɗaura ɗankwalinta ko da zai ɗauke ta minti biyar. Mutanenmu na ganin rashin tausayi ne a bar tsohuwa tana fama alhali ga 'ya'ya a tsaye, sai a yi mata komai, har cokali a kai mata baki. Wannan tausayin shi ya fi komai jinkirta warkewa. Kuma duk abin da na lissafa ana iya yin sa a Jama'are kamar yadda ake yi a Kano.

Saboda haka ra'ayina shi ne ku sa ranar tafiya, nan da mako biyu ko uku, ku yi amfani da kwanakin wajen shiri. Ba gobe ba, kuma ba "sai ta warke" ba. Sai dai akwai abubuwan da in suna nan zan ce ku dakata, kuma likitan da ke ganinta ne zai yanke: in har yanzu tana shaƙewa ko tari in ta sha ruwa, in akwai robar abinci a hanci ko robar fitsari, in gyambon kwanciya ya buɗe a ƙugu ko dunduniya, ko kuma jininta yana hawa yana sauka ba a kai ga daidaita magani ba. Maganar shaƙewar nan kada ki raina ta. Abinci ko ruwa in ya bi hanyar iska yana sauka a huhu ya zama nimoniya, kuma tana cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan ciwon bayan an sallame su. A zaune sosai za ta ci, loma ƙanana, ta ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ta gama. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga mai wannan matsalar.

A zuwanku gashi na gaba ki gaya wa mai yi mata cewa kuna shirin komawa. Ki ce a koya miki da hannunki, ba kallo ba, kuma ki roƙi izini ki ɗauki bidiyon kowane motsi a wayarki. Abu ɗaya da nake so ki ƙware a kai shi ne tayar da ita. Kada kowa ya ja ta da hannun daman nan, ko ya sa hannu a hammatarta ya ɗaga. Naman kafaɗar ya saki, ƙashin na iya zamewa daga gurbinsa, sai ta kamu da ciwon kafaɗa mai hana barci wata da watanni. Ki sa ta matso bakin gado, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa sosai, ki tsaya gabanta kaɗan ta ɓangaren mai ciwon, gwiwarki ta tokare gwiwarta ta dama don kada ta lanƙwashe, hannuwanki a ƙugunta ko a bayan allon kafaɗa. Ta sunkuyo gaba har hancinta ya zo saitin yatsun ƙafarta, ku ƙirga uku, ta miƙe. In tana zaune, a sa filo ƙarƙashin hannun, kada a bar shi yana lilo. Duk wanda zai karɓe ki jinya sai ya yi wannan a gabanki kin gani.

Shirin gida kuwa a fara shi tun kuna Kano. In katifarta a ƙasa take, a samo gado wanda in ta zauna ƙafarta za ta taɓa ƙasa, don tashi daga ƙasa ya fi ƙarfinta yanzu. In banɗakin na tsuguno ne, kafinta zai iya yin kujera mai rami da hannuwa biyu a sa fo a ƙasa, ko a yanka kujerar roba mai ƙarfi. A ɗauke tabarmi da ledar tsakar ɗaki masu naɗewa, a duba dokin ƙofa, a bar fitila kusa da ita da dare. Faɗuwa ɗaya ta karya ƙugu, duk wahalar mako goman nan ta tashi a banza. Ku karɓi takardar bayanin jinyarta da takardar tura ku wani asibitin, da sakamakon hoton ƙwaƙwalwa in an yi. Azare na kusa da ku kuma akwai asibitin tarayya a can. Wani ya je tun yanzu ya tambayo ranakun gashi da na ganin likita.

Sai magani, wanda a nan ne aka fi yin asara bayan an koma gida. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke kawo wannan ciwon a yankinmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Shi ya sa kada wani mai kemis ko maƙwabci ya ce a ƙara mata asfirin don "yana tsinka jini". Ga mai toshewa magani ne, ga mai fashewa yana iya zama haɗari. Abin da likita ya rubuta shi kaɗai. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma wanda ciwon ya taɓa bugawa yana cikin haɗarin ya sake. Ku sayi na'urar awon jini, ku riƙa rubutawa a littafi safe da yamma. Galibi ana son ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, sai in likitanta ya ce wani abu daban. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen magi da kanwa duk cikin lissafin suke. Za ku koma cikin 'yan'uwa, kowa zai zo da jiƙonsa da saiwarsa. Addu'a da tofi ba wanda zai hana. Amma abin sha, da tsaga, da gasa ɓarin da ruwan zafi, a'a: ɓangaren na iya rasa ji, ta ƙone ba ta sani ba.

Yanzu matar Yaya. Ni ban ga laifinta a cikin abin da kika rubuto ba, na ga mace ce da ta gaji. Ki lissafa abin da mako goma ya ci mata: yaranta a falo, wanki ya ninka, ruwa da gas ko gawayi na ƙarewa da wuri, ga 'yan dubiya. Dubiya lada ce, amma a gidan da ake jinya kowane ɗan dubiya kwano ne, waɗanda suka taso daga gida kuwa sai sun kwana, kuma ba ke ko Yaya ke shiga kicin ba. Ita ba ta da bakin cewa ta gaji, don ranar da ta faɗa za a ce ba ta son uwar mijinta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma jinya ba ta san wannan ba. Inna dai ba baƙuwa ba ce a gidan ɗanta, haƙƙinta ne a kansa. Sai dai haƙƙin a kansa yake, shi da ku 'ya'yanta. Abin da matarsa ta yi kyautatawa ce, kuma wanda ya kyautata godiya ake masa, ba a auna fuskarsa.

Ki same ta ku biyu, ba a gaban Yaya ba. Ki ce mata kin san an takura ta, ki gode mata da baki, ki gaya mata ranar da kuka sa. Za ki yi mamakin yadda sanin ranar kaɗai ke sassauta zama, don abin da ke cin mutum shi ne rashin sanin ƙarshen abu. A kwanakin da suka rage, wankin Inna da abincinta marar gishiri su dawo hannunki gaba ɗaya, ku 'yan'uwa ku haɗa wani abu ku sa a cefane ko da Yaya ya ce a bari, kuma wani babba a dangi ya sanar cewa masu son dubiya su jira a dawo da ita gida.

Shi kuma Yaya, ina jin tsoronsa biyu ne: kada jikin ya koma baya, kada kuma a ce ya kori uwarsa. Na farkon takardar asibiti da tsarin da kuka yi ne za su amsa shi, don haka ki ja shi ku je gashin tare ya ji daga bakin ma'aikata. Na biyun kuwa Inna ce da kanta ta ce a mayar da ita, kuma maganarta abin dubawa ce ko ta fuskar lafiya. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwon na shiga ciwon damuwa, wanda ya shiga kuwa ba ya son motsa jiki, ba ya son ci. Tsohuwar da ta saba da ɗakinta da maƙwabtanta, ta dawo tana kwana a ɗakin jikoki tana jin ta zama kaya, ba abin mamaki ba ne ta karaya. Maganar da ke dawowa ma hira take so, da mutanen da ta saba da muryarsu, a ba ta lokaci ta nemo kalmar, kada a riƙa ƙarasa mata. In kin ga ta daina ci, ko tana yawan cewa gara ta mutu, ki gaya wa likita, akwai magani.

Komawa gida kuma kada ta zama an sauke wa Yaya kaya an ɗora miki ke kaɗai. Kafin ku tashi a zauna, ko ta waya ce, a rubuta: wa ke kwana da ita wane mako, wa ke sayen magani duk wata, wa ke biyan motar zuwa Azare. Maza sun iya tayar da mara lafiya da zagayawa da ita tsakar gida, ba sai an bar wa mata komai ba. Maigidanki ya yi haƙurin mako goma, shi ma a gaya masa ranar, a kuma gaya masa gaskiya cewa ko kin dawo za ki riƙa zirga-zirga.

Ranar tafiya ku ɗauki shatar mota in da hali, ku fita da sassafe bayan ta sha maganinta, ta zauna a gaba da filo ƙarƙashin hannun, ku tsaya a hanya ko sau ɗaya ne a motsa mata ƙafafu. In bayan kun isa ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti a ranar. Haka in baki ya sake karkacewa, ko magana ta sake shaƙewa, ko wani ɓarin ya saki farat ɗaya, ko da ya warware bayan 'yan mintuna: ku duba agogo ku riƙe lokacin da ya fara, kada a ba ta komai ta baki, ku nufi asibiti mafi kusa, ba sai kun jira an samo motar Kano ba.