Albashin masu shara: tun ranar sa hannu a kwangila ake yanke shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan kamfanin shara da goge-goge a Kano, da ma'aikata 18, yawancinsu mata. Muna aiki a wani asibitin kuɗi, da ofisoshi biyu, da makaranta ɗaya. Ana biya na naira 60,000 a wata kan kowane kilina, ni kuma ina ba su 35,000, sauran ya tafi a kayan aiki da albashin mai kula da su da ɗan abin da zan samu. Ba sa daɗewa, wata uku ko huɗu sai mutum ya daina zuwa. Wata daga cikinsu ta gaya min naira 800 take kashewa kullum a adaidaita sahu. Shin dokar mafi ƙarancin albashi ta 70,000 ta hau kaina? Kuma yaya zan yi in ƙara musu ba tare da na karye ba, alhali akwai masu karɓar kwangila a ƙasa da farashina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa albarka a nema.

Bari mu fara da matar nan da ta gaya miki kuɗin motarta, domin ita ce ta ba ki amsar dalilin da ya sa ma'aikatanki suke gudu. Naira 800 sau kwana 26 na aiki, 20,800 ke nan. A cire daga 35,000, saura 14,200. A raba wa kwana 30, ba ta kai naira 500 a rana ba. Da wannan za ta ci, ta ciyar da yara, ta tara kuɗin haya, ta sayi magani. Ta fito tun bayan sallar asuba, ta wanke banɗakunan mutane, ta dawo gida da abin da ba zai ɗora tukunya ba. Duk ranar da ta samu wankau ko aikatau a unguwarsu, inda za ta je da ƙafa kuma a ba ta abinci, ba za ki sake ganinta ba, kuma ba ta yi laifi ba. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, 35,000 tana ɗan riƙe mutum. Yanzu wannan lissafin ya rushe.

Game da doka kuwa, ga yadda take. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma aka mayar da sake duba shi duk bayan shekara uku maimakon biyar. Gwamnatin Kano ta sa wa nata ma'aikatan 71,000. Amma dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, saboda haka da ma'aikata 18 ba ta kama ki ba tukuna. Ranar da kika ɗauki ƙarin mutum bakwai, ta kama ki. Wadda ta riga ta hau kanki, ba ki ma tambaya a kanta ba, ita ce dokar fansho ta 2014: kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama zai riƙa zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, domin diyyar ma'aikaci idan ya ji rauni a bakin aiki. Kada ki ɗauki waɗannan biyun a matsayin asara. Manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati suna neman takardun shaidar biyansu kafin su ba da kwangila, kuma su ne masu biyan farashin da kike buƙata.

To amma ko da doka ba ta tilasta miki ba, 70,000 ɗin ma ƙasan tsani ce. Ki tuna ƙungiyoyin ƙwadago 250,000 suka tsaya a kai a ƙarshen tattaunawar 2024 kafin a daidaita. Idan kin ba matar nan 70,000, aka cire 5,600 na fansho da 20,800 na mota, saura 43,600, wato bai kai 1,500 a rana ba. Ya ninka abin da take samu yanzu sau uku, kuma duk da haka mai 'ya'ya uku sai ta haɗa da dabara. Idan kina son sanin albashin da zai riƙe ma'aikacinki da gaske, ki zauna da uku ko huɗu daga cikinsu da biro da takarda: kwano nawa na masara ko shinkafa suke ci a wata, nawa ne hayar ɗaki a shekara a unguwarsu, gawayi ko gas, ruwan 'yan garuwa, kuɗin Islamiyya, magani. Adadin da ya fito shi ne inda kika dosa. 70,000 ita ce matakin farko.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe. Da farashin 60,000 kan kowane kilina, babu wata dabara ko tattali da zai sa ki biya 70,000. Albashin ma'aikatanki an riga an yanke shi tun ranar da kika sa hannu a wannan kwangilar. Yawancin masu wannan sana'a daga sama suke lissafi: su ji nawa mai ofis zai iya biya, su cire ribarsu da kuɗin sabulu, abin da ya rage shi ne na kilina. Ke ki juya shi, ki faro daga kilina ki hau sama.

Ga misali, ki sauya lambobin da naki na gaskiya. Albashi 70,000. Fansho na ɓangarenki 7,000, NSITF 700. Ki ware kamar 4,000 na mai maye gurbi, domin mutum zai yi rashin lafiya, za a yi haihuwa, za a yi rasuwa, ga kuma hutun shekara da dokar ƙwadago ta ba shi, aƙalla kwana shida na aiki bayan ya cika wata 12. Kayan aiki, su Hypo da Izal da omo da mopa da ledar shara, a ce 8,000. Kayan sawa da safar hannu da takunkumi, idan aka raba wa watanni, 2,000. Kason albashin mai kula da su 6,000. An kai 97,700 tun ba ki ɗauki ko sisi ba. Idan kin ɗora ribarki, kilina ɗaya ya tashi a kusan 110,000, ban da harajin VAT na kashi 7.5 idan kamfaninki yana cikin masu karɓarsa. Na san kin dafe kai. Wannan shi ne ainihin kuɗin aikin, kuma giɓin da ke tsakaninsa da 60,000 matan nan ne suke cike shi da cikinsu da na 'ya'yansu.

Ta ina za a cike giɓin? Ba duk daga aljihun mai ba da kwangila ba. Ki daina sayar da kawunan mutane, ki koma sayar da tsaftar gini. Mu ɗauka ɗaya daga cikin ofisoshin nan kilina huɗu kika zuba, ana biyanki 240,000. Ki je da kanki da sassafe ki tsaya ki gani. Abin da aka fi samu a irin waɗannan ofisoshi shi ne, daga ƙarfe shida zuwa goma an gama share ɗakuna, an goge tayil da tebura, an wanke banɗaki. Daga nan sai ki tarar da su a zaune a bayan matakala, ana aiken wannan sayo abinci, ana aiken waccan kai takarda. Mutum biyu ƙwararru, da bokiti mai matse mopa da injin zuƙe ƙura da jadawalin da ya nuna wane ɗaki ake yi a wane lokaci, suna iya riƙe irin wannan wuri. Biyu sau 110,000 shi ne 220,000, yana cikin kuɗin da ake ba ki yanzu. Mai ofis bai ƙara ko kwabo ba, albashi ya ninka.

Sai dai a nan akwai tarko biyu. Kada ki kori sauran biyun. Tunda dama mutane suna tafiya, duk wanda ya tafi kada ki maye gurbinsa, sauran kuma ki juya su zuwa ayyukan da ake biya nan take kuma ribarsu ta fi kauri: wanke sabon gini bayan magina da masu fenti sun tashi, gyara ɗakin taro bayan biki, wanke kafet da kujeru, share gida kafin a kai amarya. Tarko na biyu, kada ki ɗora wa mutum biyu aikin da ya fi ƙarfinsu ki ce kin yi musu ƙari. Idan kin gwada kin ga sai uku, to uku ne, ki koma ki gyara farashi.

Asibiti daban yake. A can ba a rage hannu, domin datti ba ya jiran safiya, kuma kuskure ɗaya yana iya kwantar da mutum. A can farashi za ki ɗaga, kuma kina da hujja mai ƙarfi. Kilinar da ta shekara a asibiti ta san allura ba ta shiga ledar shara sai akwatinta, ta san mopar ɗakin haihuwa ba ta zuwa wurin jiran marasa lafiya, ta san ba a haɗa Hypo da ruwan wanke masai mai asid domin iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Sabuwa, wadda aka ɗauko jiya don cike gurbi, za ta cusa hannu cikin leda ta danna shara don ta ƙara ɗauka, allurar da aka yi wa wani ta soke ta. Daga nan ana maganar ciwon hanta ko abin da ya fi shi. Wannan ne za ki shimfiɗa wa mai asibitin, da takardar lissafin nan a gabansa layi-layi, ya ga ƙarin da kike nema ba aljihunki zai shiga ba. Ki nemi ya haɗa ma'aikatanki cikin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa ma'aikatan lafiya. A wurinsa abu ne mai sauƙi.

Ko a Ingila ta wannan ƙofar aka bi. A 2001 ƙungiyoyin masallatai da coci-coci da makarantu na gabashin Landan suka fara fafutukar albashin da zai riƙe mutum, kuma da masu shara na asibitoci da bankuna suka fara. Sun gane cewa matsa wa ɗan kwangila kaɗai ba ya kai ko'ina, tunda shi ma abin da aka ba shi yake rabawa, sai suka nufi masu gine-ginen. A 2003 wani mai shara a hedikwatar bankin HSBC ya miƙe a taron masu hannun jari ya gaya wa shugaban bankin abin da ake biyansa. Ke ba taro za ki tara ba, amma wanda za ki fuskanta shi ne dai mai biyan kuɗin kwangila.

Masu karya farashi da kika ambata za su ci gaba da karyawa, kuma za ki rasa wasu ayyukan. Wanda ya karɓi 45,000 kan kilina, ko dai yana biyan 25,000, ko yana riƙe albashi wata biyu, ko yana tsarma ruwa a Izal har ya koma fari. Mai ofishin da araha kaɗai yake nema ba naki ba ne, ki bar musu shi. Naki shi ne wanda ya gaji da ganin sabuwar fuska duk wata a ɗakin da ake ajiye kwamfutoci da takardun kuɗi. Kilina tana shiga ofishin manaja babu kowa a ciki, da makulli a hannunta. Amanar da ake nema a wurinta babba ce, kuma masu hankali a cikin masu ofisoshi sun san araha ba ta ado.

Akwai kuma ƙarin da za ki iya yi musu tun wannan watan ba tare da kin jira kowa ba. Ki rubuta unguwar kowace ma'aikaciya, ki ajiye kusa da jerin wuraren aikinki. Ba mamaki ki tarar kina tura 'yar Kurna zuwa Hotoro, 'yar Hotoro kuma tana tsallaka gari zuwa wajen Kabuga. Idan kin musanya su, mai hawa adaidaita biyu ta koma hawa ɗaya, kusan 10,000 ta dawo hannunta a wata. Inda mutum huɗu ko biyar suke fitowa daga yanki ɗaya, ki yi shatar adaidaita ɗaya na wata ya riƙa kwaso su. Albashi kuma ya shiga asusun kowa kai tsaye, kada ya bi ta hannun mai kula da su, domin a nan ake yawan yin yankan baya da sunan tarar makara.

Sai ranar biya. Ki tsayar da rana ɗaya, a ce 28 ga wata, ko an biya ki ko ba a biya ki ba. Hadisin nan da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya san shi, amma a wannan sana'a sau da yawa kilina ce take ɗaukar nauyin jinkirin mai ofis. Wadda albashinta ya makara kwana goma ta riga ta ci bashin mai kanti, kuɗin yana shigowa ya wuce. Don ki iya tsayawa a kan ranar, ki tara albashin wata guda a wani asusu daban da ba kya taɓawa, kuma a duk sabuwar kwangila ki nemi kafin alƙalami na wata ɗaya. Ki sa sharaɗi a rubuce cewa za a sake duba farashi duk shekara, da kuma duk lokacin da aka sauya mafi ƙarancin albashi. Bisa ƙa'idar shekara uku, 2027 ke nan, kuma ba nisa.

Kada ki sanar da 70,000 gobe. Ki hau mataki-mataki, ki gaya musu gaskiyar tsarin: a ce 45,000 da zarar kin gyara rabon unguwanni da ofishin farko, 55,000 idan asibiti ya amince, 70,000 idan aka sabunta sauran. Alkawarin da kika cika ƙarami ya fi babban da kika janye. Makarantar ce nake zaton za ta fi wuya, tunda su ma kuɗinsu zango-zango yake shigowa. Idan ba za su iya sabon farashi ba, ki ba su shara ta rabin yini da mutane kaɗan, waɗanda za su wuce wani aikin da rana. Ki duba ranar da kowace kwangila za ta ƙare, ki aika takardar sabon farashi wata biyu kafin nan, ki fara da asibitin.