Kwana Nawa Zan Ɗaga Ƙarfe a Mako? Amsoshin Tambayoyinku

Wani matashi daga Jidda ya rubuto: "Malam, watana biyu da shiga nadi, wato gidan motsa jiki. Na ga jadawali a YouTube, Lahadi ƙirji, Litinin baya, Talata kafaɗa, Laraba damtse, Alhamis ƙafa. Ina binsa, amma dawam, wato lokacin aiki, yana sa in rasa kwana ɗaya ko biyu duk mako. Shin daidai nake yi?"

Ƙanena, jadawalin nan ba naka ba ne. An tsara shi ne don mutanen da ɗaga ƙarfe ya zama sana'arsu, kai kuwa wata biyu kawai ka yi, kuma kana da maigida da ke jiranka da safe. Duba abin da ke faruwa da kai. Kowace tsoka sau ɗaya take shan aiki a mako. Ranar da ka rasa Talata, kafaɗarka sai ta yi kwana 14 ba ta ga ƙarfe ba. Bayan motsa jiki, ginin tsoka yana ƙaruwa ne na kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma yadda yake. Wanda ya gaji ƙirjinsa ranar Lahadi ya bar shi har wata Lahadin, yawancin makon ƙirjin zaman banza yake yi. Shi ya sa ake son kowace tsoka ta sha aiki aƙalla sau biyu a mako.

Ka koma kwana uku, ka riƙa aikin jiki gaba ɗaya kowace rana: Lahadi, Talata da Alhamis, sauran kwanakin ka huta. Rana ta farko ka yi tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, tura ƙarfe a kwance kan benci, da jawo ƙarfe zuwa ciki kana duƙe. Kowanne zagaye 3, kowane zagaye ɗagawa 6 zuwa 10. Ka rufe da zagaye 2 na damtse. Rana ta biyu ka yi ɗago ƙarfe daga ƙasa, tura dambel sama da kai, da jan sanda daga sama zuwa ƙirji, ka ƙara zagaye 2 na sha-raɓa. Rana ta uku ka koma ta farko, mako mai zuwa ka fara da ta biyu. Tsakanin zagaye ka huta minti 2 zuwa 3 a manyan ɗagawa, minti ɗaya ya isa a ƙanana. Nauyin kuma ya zama wanda in ka ajiye, kana jin saura ɗagawa ɗaya ko biyu ƙarfinka ya ƙare. Duka bai wuce awa ɗaya ba. In dawam ya cinye maka rana guda, har yanzu sama da ƙasan jikinka sun sha aiki sau biyu, ba ka yi asarar komai ba.

Wani daga Riyad yana cewa shekararsa ɗaya da rabi yana kwana uku, yanzu nauyin ya tsaya cak, ko ya koma kwana shida?

Ka fara gaya mini, ɗan'uwa, kana rubuta abin da kake ɗagawa? Mafi yawan masu cewa sun tsaya ba su san kilo nawa suka ɗaga watan jiya ba. Samu ƙaramin littafi. In ka kai ɗagawa 10 a duka zagaye uku, ƙara kilo 2.5 ka koma 6 ka sake hawa. In kana haka kuma abin ya ƙi motsi makonni da yawa, to koma kwana huɗu: Lahadi saman jiki, Litinin ƙasa, Talata hutu, Laraba sama, Alhamis ƙasa. Wannan zai ba ka wurin da za ka kai kowace babbar tsoka zagaye 10 zuwa 16 a mako ba tare da ka kwana a nadi ba. Tsarin kwana shida, wato ranar turawa, ranar jawowa, ranar ƙafa, sau biyu a mako, yana aiki ga mai barcin awa 8 da abinci a kan kari. Ga mai tashi dawam ƙarfe goma na dare, ciwon gwiwar hannu da kafaɗa kawai zai kwasa. Kuma duk bayan mako shida zuwa takwas, ka yi mako guda da rabin zagayen da ka saba, gaɓoɓi su sarara.

"Ƙirji da damtse kawai nake so. Tunda tob, doguwar rigar nan, ke rufe ƙafa, zan iya barin ranar ƙafa?"

A'a. Cinya da ɗuwawu su ne mafi girman tsoka a jikinka, kuma su za su tashe ka daga sujada kana ɗan shekara 70. Ka je ka yi tsuguno.

Akwai wasiƙar wani yaro daga Shara Mansur a Makka. Ya ce aikin gini yake yi, nauyinsa kilo 55, abokansa suna masa dariyar rama, yana zuwa nadi kwana biyar a mako bayan aiki amma sai ƙara bushewa yake, har ya fara tunanin ko ciwo ne da shi.

Kwantar da hankalinka, ɗana. Wanda ya yini yana ɗaukar bulo da siminti a zafin Makka, ya zo ya ƙara kwana biyar na ƙarfe, jikinsa yana ƙona fiye da abin da yake ci, dole ya rame. Rage zuwa kwana biyu, jiki gaba ɗaya, ɗaya daga ciki ka sa ta ranar hutunka. Sauran aikin na kwano ne. Mai son tsoka yana buƙatar furotin kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, kai ke nan wajen giram 90 a rana. Ƙwai uku da safe tare da burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, sun ba ka giram 18 ban da na waken. Rabin lita na madara ko laban, wato nono, wajen 16. Tsokar kaza dafaffa mai girman tafin hannu da ɗan ɗoriya a kan shinkafar kabsa ta kusa 40. Kwanon waken adas da dare ya cike sauran. Ƙara shinkafa, ƙara dabino da gyaɗa a aljihu, ka sha ruwa sosai. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako da safe. In kana ƙara kilo ɗaya a wata, kana kan hanya. Amma in ramar ta zo da tari mai daɗewa, zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ajiye ƙarfe ka je asibiti a gwada ka.

Yanzu ga tambayar da mutum fiye da ɗaya ya aiko: wani a nadi yana sayar da garin furotin da rabin kuɗin saidaliyya, wato kantin magani, kuma ya ce yana da allurar da ke fito da tsoka cikin wata biyu. A saya?

Ina roƙonku don Allah ku saurara. Garin furotin ba magani ba ne, abinci ne da ake tacewa daga ruwan da ya rage bayan an yi cuku. Cokalinsa ɗaya, giram 30, yana ba da furotin wajen giram 24, abin da ƙwai huɗu za su ba ka daga shagon unguwa. Amfaninsa sauƙi ne kawai ga wanda ba shi da lokacin girki. To kayan da aka shigo da shi daga waje, aka biya jigila da haraji, ta yaya wani zai sayar maka da shi rabin kuɗi daga bayan mota? Araha ba ta ado. Masu jabu suna tattara tsofaffin robobi su cika da garin sitaci da sukari da ƙamshin cakulan, wasu su goge ranar lalacewa su buga sabuwa. Kana sha kana kumburin ciki kana cewa ƙarfi ne ke shiga. In dole sai ka saya, ka saya a saidaliyya ko shago mai rajista, ka karɓi fatura, wato rasit, ka duba hatimin baki bai tsage ba, lambar rukunin kaya da ranar lalacewa a buge suke ba a liƙa su da takarda ba. Kayan abinci da magani a ƙasar nan suna ƙarƙashin Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, mai talla a WhatsApp kuwa ba ya ƙarƙashin kowa, gobe ya canza lamba. Haka manyan buhunan "ƙara ƙiba": mafi yawansu sukari ne, shinkafa da madara sun fi su arha. Abin da ya cancanci riyal ɗinka shi ne garin da ake kira kiriyatin (creatine) mara haɗi, giram 3 zuwa 5 a rana, shi ma bayan jadawali da abinci sun daidaita. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

Allurar kuwa, wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce. Sinadarin maza ne na roba. In ya shiga jiki daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta umarci 'ya'yan maraina su daina yin nasu. Su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wasu su yi watanni ko shekaru suna neman haihuwa. Ga hawan jini, ga kaurin tsokar zuciya, ga ƙuraje a baya, ga nono da ke fitowa namiji wanda sau da yawa sai tiyata, ƙwayoyinsa na haɗiya kuma suna cin hanta. Bayan ka daina, tsokar ta fara zubewa, sha'awa ta mutu, rai ya ɓaci. Mai sayarwar ba zai faɗa maka wannan ba, kuma shi kansa bai san abin da ke cikin kwalbar ba, don yawancinsu a ɓoye ake haɗa su. Magani ne da ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma kai baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ka san abin da kama ka da irin wannan kaya zai jawo maka. Saurayin da ke tara sadaki ya je yana sayen abin da zai hana shi haihuwa, wannan wane irin lissafi ne?

Tunda maganar kuɗi ake, ku daina biyan kuɗin nadi na shekara guda a watan farko saboda an ce akwai rangwame. Biya wata ɗaya ko uku a nadin da ke kusa da gida ko wurin aiki. Wanda sai ka yi minti 40 a cunkoson Jidda kafin ka isa, ba za ka jure masa ba.

Wata baiwar Allah daga Madina tana tsoron kada ƙarfe ya mai da jikinta irin na maza. 'Yar'uwa, ba zai mayar ba, sinadarin da ke fito da irin wannan tsoka kaɗan ne ƙwarai a jikin mace. Tun 2017 aka fara ba nadin mata lasisi a ƙasar nan, ki nemi na kusa, ki bi tsarin kwana biyu ko uku da na bayar a sama da nauyin da ya dace da ke. In kina da juna biyu ko ba ki daɗe da haihuwa ba, sai da izinin likita.

Mai tambaya kan azumi: a Ramadan riƙe abin da ka tara ake yi. Kwana biyu ko uku, bayan tarawihi, nauyin da ka saba amma ka rage zagaye zuwa kashi biyu cikin uku. Kada ka ɗaga mai nauyi da la'asar baki a bushe. Ƙwai da laban su shiga sahur, ruwa kuma ka rarraba shi daga buɗa-baki zuwa asuba, kada ka ɗura shi lokaci guda.