Taraktar yankan ciyawa ta ƙi tashi? Kar ka sayi bobin tukuna

Salamu alaikum jama'a, barkanku da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma ga hoton da ka turo. Ka ce tsohuwar taraktar yankan ciyawar nan da maigidanka ya sayo, demarer yana juya inji amma ba ta tashi, buji ba wuta, kana tambaya ko ana samun bobin, wato abin da ke ba buji wuta, da sabon batir a nan Damagaram ko sai an aika Kano. To ni ba zan nuna maka shago ba yanzu. Wa ya ce maka bobin ɗin ya mutu? Ka gwada shi ne, ko dai wani ya leƙa ya ce "bobin ne" kai kuma ka ɗauka?

Bari mu fara da batir, mu kawar da shi gefe. Injin da na gani a hoton na kamfanin Briggs & Stratton ne, mai silinda ɗaya. Irin wannan ba ya karɓar wutar buji daga batir. Akwai mayen ƙarfe a jikin bolan, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, duk zagayen da ya yi yana wucewa ta gaban ƙafafun bobin, nan wutar take haihuwa. Kamar motopom ɗin da masu lambu ke ja da igiya a Mirya ne, ka taɓa ganin batir a jikinsa? Aikin batir a nan juya demarer ne kawai. A'a, tsaya, in ce kawai na yi yawa. Idan batir ya yi sanyi yana jan inji da ƙyar, bolan ba zai yi gudun da zai ba da wuta mai ƙarfi ba. Sannan wasu suna da ɗan solenoyid, wato abin da ke buɗe hanyar mai da wutar batir, a ƙarƙashin karbirater, in bai samu volt 12 ba mai ba ya wucewa. Amma kai da bakinka ka ce yana juyawa da ƙarfi, to bar batir ya huta.

Abin da nake so ka yi gobe da safe, kafin ka kashe ko dala, shi ne wannan. Ka cire murfin saman inji, wanda ya rufe bolan. Za ka ga bobin, da babbar waya mai zuwa buji, da wata ƴar siririyar waya, yawanci baƙa, maƙale a ƙasansa. Wannan siririyar ita ce ta kashe inji. Idan ka murɗa kontak, wato makullin tada inji, ka kashe, ba wuta yake yankewa ba, haɗa wannan wayar yake da mas, wato ƙarfen jikin inji, wutar ta bi jikin ƙarfe ta tafi. To duk abin da ya sa wayar nan ta taɓa ƙarfe, ko ɓera ya ci robarta, ko ta goge a kusurwa, ko wani makunni ya maƙale, buji ba zai ga wuta ba ko da yau aka fito da bobin daga kwali. Zare ta daga jikin bobin. Ka kwance buji, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da ramin buji saboda tururin mai, ka shiga inuwa don ka iya ganin wutar, wani ya buga maka demarer. In ka ga wuta tana tsalle tsas-tsas, bobin ɗinka lafiyarsa ƙalau, ciwon yana cikin wayoyi.

Kuma don Allah ka ji wannan da kyau: wuƙaƙen yankan ciyawa na ƙasa su kasance a sake, giya a firi, yara su matsa. In ka mayar da buji inji ya tashi alhali wayar nan tana cire, kontak ba zai kashe shi ba, sai ka mayar da ita ko ka shaƙe shi da cok. Gwaji ne kawai, ba a aiki da ita haka.

To in wutar ta dawo, ina za ka duba? Taraktocin nan Turawa sun cika su da makunnan tsaro: ɗaya ƙarƙashin kujera, ɗaya a birki, ɗaya a sandar da ke saka wuƙaƙe. Na birki da na wuƙaƙe galibi demarer suke hanawa juyawa, kai kuma naka yana juyawa, don haka ni hankalina ya fi zuwa kan na kujera da kuma kontak ɗin kansa. Ƙurar hunturu da muke sha a garin nan tana shiga cikinsu ta daskare. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kontak ɗin nan shi ne ma ya sa na ɗauki waya. A hotonka na ga makulli kamar na mota yana lilo, kuma ban yarda da shi ba. Akwai wani bawan Allah mai lambu a hanyar Mirya, yana da irin wannan tarakta, shi ba ciyawa yake yanka da ita ba, wa ke da ruwan shuka ciyawar ado a Damagaram, ƴar amalanke ya ɗaura mata tana jan taki da jarkoki. Makullinta ya ɓata, ya kai wa mai gyaran wutar mota, shi kuma ya ɗauko kontak na mota ya dasa. Kontak na mota aikinsa ya tura volt 12 zuwa bobin idan an buɗe. Na wannan inji akasin haka yake yi, in an buɗe sakin wayar yake, in an rufe ya haɗa ta da mas. Mutumin nan ya ga siririyar waya a jikin bobin, ya ce ai nan wuta ke shiga, ya ba ta batir kai tsaye. Bobin ya ƙone nan take. Aka zo wurina, na sa aka kawo sabo daga Kano, na ɗaura, na tada inji a gabansa da wayar a cire, na ce kar a mayar da ita sai an canja kontak. Ina juya baya mai wutar ya dawo ya sake haɗawa yadda ya sani. Ya sake ƙonewa. Ka san abin da aka ce? Wai ni na kawo bobin jabu na ci kuɗi. Har gidan suna aka bi ni da maganar nan, a gaban surukaina. Shi kuwa wanda ya ƙona har yau yana nan yana cewa shekara da shekaru yana gyaran manyan motoci, wannan ɗan injin ne zai gagare shi? Ai ba girman inji ba ne, malam, tsarin ne daban. Kuɗin motar da na biya aka kawo kayan ma ba wanda ya... kai, a bar maganar.

Abin nufi, ka juya bayan kontak ɗin ka duba haruffa. Na asali za ka ga M, G, B, S, wani lokaci da L. M ɗin nan shi ke zuwa bobin, kuma kada ya taɓa ganin wutar batir. In kana da mita ko ɗan ƙwan gwaji, ka buɗe kontak ka auna siririyar wayar da ka zare. In ka sami wuta a kanta, to ka gano wanda ya kashe bobin, kuma in ka sa sabo shi ma zai bi sahu.

Yanzu in ka zare wayar wuta ba ta zo ba. Fara da buji, shi ya fi araha. Sa wani wanda ka tabbatar yana aiki, tazarar bakinsa milimita 0.76. Sai tazarar da ke tsakanin ƙafafun bobin da bolan, wajen milimita 0.25 zuwa 0.35. Ba ka da ma'auni? Ka sassauta kusoshi biyun, ka juya bolan har mayen ƙarfe ya zo saitin bobin, ka sa katin bizit, ɗan katin nan da ake buga suna da lambar waya, a tsakani, ka bari mayen ya jawo bobin, ka ɗaure, ka zare katin. Tsatsar da ke kan mayen ƙarfe kuwa, yara na son su zauna suna gurza ta da takardar yashi, goge ta in kana so amma ba ita ke hana wuta ba.

Shekarun injin ma suna da magana. Akwai lambobi uku da aka buga a jikin murfi, na ukun, wanda aka rubuta Code, lambobinsa biyu na farko su ne shekarar ƙira. Briggs sun koma bobin mai lantarki, Magnetron, a 1982. In naka ya girmi haka, akwai filatin da kondansater, tsofaffin kayan ba da wuta, ɓoye a ƙarƙashin bolan, sai an cire shi a goge su a daidaita tazara milimita 0.5. Ban zaci naka ya kai can ba.

Wani a cikin gurup ya ce tasa tana da wuta amma tana harbi ta baya ba ta kamawa. Wannan kilabet ne, ɗan ƙarfen da ke riƙe bolan a kan sandar inji. Da taushi aka yi shi da gangan, don in inji ya tsaya da ƙarfi, misali wuƙa ta daki dutse, kuma duwatsu ba su ƙare mana ba a Birni, shi ya yanke ya ceci sandar. Ko kaɗan ya goce, wuta za ta zo ba a kan lokaci ba. Kar a kai wa maƙeri ya yanko na baƙin ƙarfe, a nemi nasa. Wanda kuma tasa ke aiki ta mutu in ta yi zafi, ta huce ta tashi, ya gwada wuta a daidai lokacin da ta mutu. In babu, to wannan kam bobin ne. In akwai, ya sassauta murfin tanki ya gani, ƴar kafar iskarsa kan toshe, ya kuma duba man kwalbar da yake saya a bakin hanya ko da ruwa a ciki.

Kai dai ƙanena, zare wayar nan tukuna. Ka turo min hoton bayan kontak da lambobin murfi, in bobin ne da gaske da lambar za a aika, ba da ido ba. Ka gaida maigidan naka, ka ce masa ya riƙe kuɗinsa zuwa gobe.