Na Sa RAM 8GB, Amma Windows Tana Amfani da 3.4GB Kawai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ƙara wa kwamfutata RAM ya kai 8GB, kuma Windows 10 ta nuna adadin daidai, amma a gefensa an rubuta cewa 3.4GB kaɗai ake iya amfani da shi. Shin jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin tunda Windows ta ƙirga 8GB cif, da wuya a ce matsalar daga RAM ɗin take. Adadin 3.4GB da ka ambata ne ya fi ɗaukar hankalina, saboda kusan kullum alama ce ta cewa Windows mai 32-bit ce a kan kwamfutar. Irin wannan tsari ba ya iya bai wa RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, adireshin da ya wuce 4GB, kuma daga cikin wannan ɗin ma katin hoto da sauran na'urorin ciki suna karɓar nasu kaso, sai abin da ya rage wa mai aiki ya tsaya tsakanin 3GB da 3.5GB, komai yawan RAM ɗin da aka sa.

Ka shiga Settings, sannan System, sannan About, ka karanta layin System type. Idan ya nuna Windows 32-bit a kan firosesa x64, wato wanda ke iya ɗaukar 64-bit, mafita ita ce a ɗora sabuwar Windows mai 64-bit daga tushe. Ba a sauyawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar sabuntawa, don haka ina roƙonka ka kwashe duk fayilolinka zuwa wani wuri kafin a fara.

Idan kuwa 64-bit ce tun asali, ka buɗe msconfig, wato manhajar saita yadda Windows ke tashi, ka shiga Boot da Advanced options, ka cire alamar da ke kan Maximum memory idan akwai, sannan ka sake kunna kwamfutar. Daga nan ka duba Hardware reserved, wato adadin RAM da aka killace wa na'urorin ciki, a Task Manager. 'Yan ɗaruruwan MB ba abin damuwa ba ne, musamman idan katin hoton a cikin firosesa yake, tunda daga RAM yake aro. Amma idan rabin ma'adanar ne aka killace, sai ka kunna Memory Remap a BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, idan akwai shi, in bai gyaru ba ka kashe kwamfutar, ka zare wuta, ka cire sandunan RAM ɗin ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya har sai kowanne ya zauna daram a gurbinsa.