Kwashe shara a bakin tafkin Legas: yaya za mu shirya, kuma yana da amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakataren wata ƙungiyar matasan Hausawa ne a Oworonshoki. Muna so mu yi aikin gayya na kwashe robobi da ledojin da suka cika bakin ruwan unguwarmu, amma wasu daga cikin dattawanmu na cewa wahalar banza ce, tunda ruwa zai sake kawo wata sharar. Shin aikin yana da amfani, kuma me ya kamata mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dattawanku sun faɗi gaskiya a kan abu guda, wato sharar za ta dawo, domin mafi yawan abin da kuke gani a bakin ruwa ba mutanen unguwarku ne suka zuba shi a nan ba. Tafkin Legas matattara ce: kogin Ogun yana zubowa cikinsa, haka nan manyan magudanan ruwan birnin, kuma duk ledar fiya wata da aka jefa a kwata a Mushin ko Bariga, ruwan sama na farko mai ƙarfi zai iya kai ta can. Amma wannan bai mai da aikin na banza ba. Robar da ta daɗe a rana tana rududdugewa ta zama ƙananan ɓarɓashi waɗanda babu mai iya tsincewa, kifi ya haɗiye su, wadda kuma ta toshe bakin magudana ita ce ke mayar da ruwa cikin gidaje da damina. Duk abin da kuka cire tun yana ɗauke da siffarsa, kun raba shi da wannan hanya.

Abin da na fi so ku ba muhimmanci, tun kafin ku sayi safar hannu ko ɗaya, shi ne sanin inda sharar za ta tafi bayan kun tara ta. A nan ne yawancin irin wannan aiki yake lalacewa. Matasa su yi ta fama tun safe, su cika buhuna su jera a bakin ruwa, a ɗauki hoto a watse, sai buhunan su kwana uku ko huɗu babu motar da ta zo; karnuka da ɓeraye su yayyaga su, ruwa ya kawo ya kwashe rabi, masu wucewa kuma su ɗauka sabon juji aka buɗe su fara ƙara tasu. Saboda haka ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jihar, wato LAWMA, ko ku je wurin kamfanin kwashe shara mai zaman kansa (PSP) da ke kula da unguwarku, ku tsayar da rana da lokaci da wurin da mota za ta iya tsayawa. Idan ba a ba ku tabbacin mota ba, gara ku ɗage ranar. Kada kuma ku yarda da shawarar cinna wa tarin wuta, domin hayaƙin roba guba ne ga huhu, musamman na yara da masu asma, kuma dokar jihar ta hana ƙona shara a fili.

Sai neman izini. Bakin ruwa a Legas ba ya rasa masu shi, akwai Baale, wato mai unguwa na Yarabawa, akwai ƙungiyar ci gaban unguwa, akwai masunta da masu kwalekwale waɗanda a nan suke neman abincinsu. Ku sa Sarkin Hausawan yankinku ya shige muku gaba wurin Baale, ku kuma gayyaci matasan Yarabawa da Ilaje na wurin, don kada a ga baƙi da shebur a bakin ruwa a yi zaton filin suka zo nema. A garin da rikicin fili ba ya ƙarewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masuntan nan kuma su ne za su gaya muku lokacin da ya dace. Tafkin yana haɗe da tekun Atlantika ta mashigar tashar jiragen ruwa, don haka ruwansa yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Ruwan ya fi janyewa sosai a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Ku zaɓi safiyar da janyewar ta faɗo a kanta, ku fara yayin da ruwa yake sauka, ku tashi kafin ya juyo, awa biyu zuwa uku sun isa. Watannin rani sun fi sauƙin aiki, ko da yake fita ɗaya a watan Maris, gab da saukar damina, ta fi kowace amfani ga magudanan ruwa.

Game da lafiya ba na sassautawa. Taɓon bakin tafkin yana gauraye da bayan gida da ruwan kwata, ga fasassun kwalabe da ƙusoshi masu tsatsa da alluran da aka yi amfani da su a ɓoye cikinsa. Wanda ya zo da silifa a mayar da shi ga riƙon buhu a kan tudu. Kowa ya sa takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu mai kauri, irin ta masu aikin gini, domin siririyar ledar asibiti kwalba ɗaya ce za ta keta ta. A ja shara da manjagara zuwa busasshen wuri kafin a sa hannu, allura da reza kuma a jefa su cikin jarka mai murfi, kada su shiga buhu su soki mai ɗauka. Mai buɗaɗɗen rauni a ƙafa kada ya shiga taɓo, wanda kuma ya yanke a wanke ciwon nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba batun allurar tetanus a ranar. Kun ga yadda kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Saboda haka babu cin abinci ko goro sai an wanke hannu da sabulu. Kada wani ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa don bin wata roba, kuma inda tsiron da ke shimfiɗe a kan ruwa ya rufe, ba a sanin zurfin ƙasansa. Sharar da ke yawo a tsakiya aikin masu jirgi ne, LAWMA tana da sashen da ke yin sa. Yara ƙanana su tsaya nesa.

Wajen rarraba abin da aka tara kuna da wata dama da sauran ƙungiyoyi ba su da ita, domin 'yan'uwanmu da yawa ne ke sana'ar jari bola a garin nan, kuma sun san abin da yake kuɗi da wanda ba ya yi. Ku gayyato biyu ko uku da sikelinsu. Gorunan ruwa da na lemo, gwangwanayen alminiyam da ƙarafa duk ana saye a kan kilo, ko da yake wanda taɓo ya ɓata farashinsa yana faɗuwa, sai an ɗauraye an shanya. Kuɗin ba zai yi yawa ba, amma zai iya sayen buhuna da safar hannu na fita ta gaba.

A ƙarshe, ku sa mutum guda ya riƙe littafi yana rubuta yawan buhuna da irin sharar da ta fi yawa. Gwamnatin Legas ta haramta fararen mazuban abinci na soso, waɗanda ake kira tekawe, a watan Janairun 2024. Idan har yanzu sababbinsu kuke tsinta, alama ce cewa akwai masu sayar da su a kusa. Idan kuwa ledar fiya wata da ƙunzugun yara suka rinjaya a bakin wata magudana, ku bi ta ku ga daga wane layi take fitowa, ku kai maganar ga shugabannin kasuwar wurin, tunda dama ana tsaftar kasuwanni kowace safiyar Alhamis, ku kuma roƙi limamai su taɓo ta a huɗubar Juma'a. Bayan fita uku ko huɗu a wuri ɗaya, littafin nan ne za ku ɗora a gaban dattawanku da kansilan mazaɓarku idan kun je neman a ajiye muku babban mazubin shara a bakin hanya.