Kotu ta ba Cherokee gaskiya, to yaya aka yi aka kore su daga ƙasarsu?

Tambaya: Na karanta cewa a 1832 Kotun Ƙolin Amurka ta ba al'ummar Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, gaskiya a kan jihar Jojiya, amma bayan shekara shida sojoji suka tasa ƙeyarsu zuwa yamma. Yaya aka yi hukuncin babbar kotu ya tashi a banza?

Amsa: Malam, abin da ka karanta haka yake, sai dai hukuncin bai kai faɗin da ake ba shi ba. Shari'ar ta wani ɗan mishan ce, Samuel Worcester, wanda Jojiya ta ɗaure saboda ya zauna a ƙasar Cherokee ba da izininta ba. Alƙalin alƙalai John Marshall ya yanke cewa Cherokee al'umma ce mai iyakokinta, dokokin Jojiya ba su da hurumi a cikinta, kuma gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon hulɗa da ita. Wato an ɗaure hannun jiha, an bar na tarayya a sake, alhali ita tarayyar ce tun 1830 ta kafa dokar da ta ba shugaba Andrew Jackson damar yi wa 'yan asalin ƙasa musayar ƙasarsu da wata a hayin kogin Mississippi.

Ita kuwa Jojiya kunnen uwar shegu ta yi da hukuncin. An riga an gano zinariya a yankin Dahlonega, manoman auduga na kwaɗayin ƙasar, har jihar ta rarraba gonakin Cherokee ga Turawa ta hanyar ƙuri'a, masu gonakin suna ji suna gani. Kotu ba ta da sojan kanta, Jackson kuma bai da niyyar aro mata nasa. Da gwamnan Jojiya ya yi wa Worcester afuwa a farkon 1833, shari'ar ta mutu.

Abin da ya rage wa Jackson shi ne ya sami takarda mai sa hannun Cherokee, kuma a nan ne, a ganina, aka yi babban zaluncin. Mutanen nan suna da rubutunsu da wani ɗan ƙabilarsu, Sequoyah, ya ƙirƙiro, da tsarin mulki tun 1827, da jarida, da zaɓaɓɓen shugaba, John Ross, wanda ya ƙi sayar da ƙasa. Sai aka kewaye shi aka nemi wasu 'yan tsiraru ƙarƙashin Major Ridge da ɗansa John da Elias Boudinot, waɗanda suka fid da rai cewa zama zai yiwu, suka ga gara a tashi da kuɗi a hannu. A ƙarshen Disambar 1835 suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota, suka sallama ƙasar a kan dala miliyan 5, ba da yawun majalisar Cherokee ba. Majalisar dattawan Amurka ta amince da ita a 1836 da ratar ƙuri'a ɗaya tak, kuma takardar koken da Ross ya kai daga baya, mai sunaye wajen 15,000, ba ta sauya kome ba.

Da wa'adi ya cika a Mayun 1838, lokacin Martin Van Buren na mulki, Janar Winfield Scott ya shiga da dakaru kusan 7,000, aka riƙa fitar da mutane daga gidajensu ana tsare su a sansanoni, inda atuni da ƙyanda suka kashe da dama tun ba a kama hanya ba. Ross ya roƙa aka bar su su jagoranci tafiyar da kansu, aka kasu ayari 13, galibi a ƙasa, cikin tsananin hunturu, tare da bayi baƙar fata da wasu attajiransu suka mallaka. Cikin mutum kimanin 16,000, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne 4,000 sun rasu, har da Quatie, matar Ross. Tafiyar nan ce ake kira Hanyar Hawaye.

A sabuwar ƙasar, wadda take Oklahoma a yau, dokar Cherokee mai hukunta wanda ya sayar da ƙasa da kisa ba ta sha ruwa ba. Ranar 22 ga Yunin 1839 aka kashe Major Ridge da ɗansa da Boudinot, kowanne a inda aka same shi.