Ƙwayar zink: wa zai saya, wa zai riƙe kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana ɗan wata tara ne yake gudawa. A asibiti sun rubuta mana SRO, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da wata ƙwaya, wai zink. Kuɗin hannuna bai kai ba, na sayi SRO kaɗai. Ƙwayar dole ce? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki daure ki koma ki sayo ta. SRO yana mayar da ruwan da yaro ya zubar, zink kuma yana rage tsananin gudawar da yawan kwanakinta. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa su. A shawararsu ta wannan shekarar, sun ce yaron da ya wuce wata 6 a ba shi miligiram 20 kullum, na ƙasa da haka miligiram 10, har kwana 10 zuwa 14.

Ki nemi mai narkewa. Ki ɗora ta a cokali, ki tatsa mata nono kaɗan, za ki ga ta saki kamar gari, sai ki ba shi. In tana tayar masa da zuciya, ki bari sai ya ɗan sha nono tukuna. Inda iyaye mata ke faɗuwa shi ne kwana na uku: bayan gida ya daidaita, yaro ya fara rarrafe, sai a jefa sauran a cikin kwalla. Kar ki yi haka, domin cika kwanakin ne ke rage masa sake kamuwa wata biyu zuwa uku masu zuwa. Kafso ɗin masu talla a faranti kuwa, ki bar musu kayansu. In kin ga jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko ya ƙi nono, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Malama, wani mai shago ya nuna min kwalbar zink daga Faransa, ya ce tana ƙara ƙarfi. Tsadarta ta ba ni tsoro. In saya wa iyali? Daga wani magidanci a Marwa.

Amsa: Alhaji, riƙe sefarka. Namiji baligi miligiram 11 yake buƙata a rana, mace 8, kuma wanda ya daɗe yana shan sama da 40 na iya toshe wa jikinsa hanyar tsotsar sinadarin jan ƙarfe, jini ya ragu. Ƙarancin zink gaskiya ne: yaro ya ƙi tsayi, miki ya ƙi warkewa, gashi ya zube, baki ya daina jin ɗanɗano. Amma tushensa a tukunya yake. Dawa da gero suna da wani sinadari da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsarsa, kuma jiƙa hatsi ya tsima, yadda ake yin kamu, yana rage shi.

Kuɗin kwalbar nan ka sayi nama, hanta, bandar kifin tafkin Lagdo, wake, gyaɗa da riɗi. Ka kuma gafarce ni, Alhaji: in maigida na tsayawa wurin mai tsire kowace magariba, yara kuma na gida da miyar kuka tsura, to ƙunshin nan ya riƙa isa gida.